Yadda Ake Ɗaukar Hoton Jirgin Ƙasa Na Kaya Da Wayar Hannu

Matashin da ya tashi a Matazu bai saba jin kukan jirgin ƙasa ba, domin layin dogo bai ratsa garin ba. Duk ranar da tafiya ta kai shi Zariya ko Kano ya ci karo da jirgin kaya yana jan taragai, abu na farko da zai yi shi ne ya zaro waya. Sai ya koma gida ya buɗe hoton ya tarar ya fito dishi-dishi, ko kan jirgin ya yanke, ko kuma rana ta haske komai. Yawanci akan ɗora laifin a kan wayar, alhali matsalar rashin shiri ce. Jirgi ba ya jiran kowa, don haka kusan duk aikin hoton ana gama shi ne kafin ya iso. Wannan darasi zai bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙaramar Tecno, Infinix, Redmi ko Samsung ta isa a yi aikin.

A fara sanin layin da ake ɗauka

Layin dogo iri biyu ne a Najeriya. Akwai tsohon layi mai faɗin milimita 1,067 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wanda ya iso Kano a shekarar 1911. Daga Zariya aka fitar da reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, domin kwasar auduga da gyaɗa. Audugar da aka riƙa nomawa a kudancin Katsina ana gurzawa a Funtuwa, wannan reshen ne ya riƙa fitar da ita zuwa bakin teku. Sai kuma sabon layi mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016. Irinsa ne aka ƙaddamar da aikinsa daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Sanin wannan bambanci yana da amfani ga mai hoto. Reshen Funtuwa ya daɗe ba ya ganin jirgi a kai a kai, saboda haka abin da ya fi samuwa a can shi ne kayan tarihi da ke tsaye wuri ɗaya: ginin tasha, ƙarafan dogo da alamomin gefen layi. Wannan wurin koyon tsara hoto ne cikin natsuwa. Wanda ke son kan jirgi da taragai ya fi dacewa ya nufi manyan tashoshi irin su Zariya, Kaduna da Kano. Jirgin kaya ba shi da jadawalin da ake kafewa a bango kamar na fasinja, sai a yi tambaya wurin ma'aikatan tasha, a kuma yi haƙurin jira.

Izini kafin kyamara

Tashoshi da layin dogo suna ƙarƙashin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa a 1955. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, ga kuma matsalar masu sace ƙarafan dogo, jami'an tsaro ba sa ɗaukar baƙon da ke zagaya tasha da waya a hannu da wasa. Mutum na iya rasa wayarsa ko ya yini yana amsa tambayoyi saboda hoto ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a je ofishin shugaban tasha a yi sallama, a nuna katin shaida, a faɗi abin da ake so a ɗauka da dalilin ɗaukarsa. Idan aka ce a'a, a haƙura. Kada a ɗauki shingen jami'an tsaro ko fuskokinsu, kuma kada a sa ma'aikaci a hoto sai ya yarda. Jirgi marar matuƙi mai kyamara yana buƙatar izinin hukuma na musamman, don haka a bar shi a gida. Haka nan, a halin tsaron da ake ciki a yankin, kada sha'awar hoto ta sa kowa ya bi layin dogo zuwa cikin daji. A tsaya cikin gari, a tafi mutum biyu, da rana.

Inda za a tsaya

Jirgin kaya mai nauyi yana buƙatar ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya bayan an taka birki, idan yana gudu sosai ma ya haura kilomita ɗaya. Ba ya iya kaucewa kamar mota. Jikinsa ya fi layin faɗi, yana iya fitowa kusan mita ɗaya ta kowane gefe, ga igiya ko waya da kan saki daga tarago tana reto. Saboda haka a bar aƙalla mita 5 tsakanin mutum da ƙarfen dogo. Kada a tsaya tsakanin ƙarafa biyu, kada a hau gadar jirgi, kada a hau tarago ko a shiga ƙarƙashinsa ko da an gan shi a tsaye, domin ana iya jansa ba tare da gargaɗi ba. A cire abin sauraro daga kunne.

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da waya. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, tana nuna abu kamar yana nesa alhali ya matso. Wanda idonsa ke kan fuskar waya zai ga kamar da sauran lokaci, jirgi kuwa ya riga ya iso. Wani bincike da likitoci a Indiya suka wallafa a 2018 ya ƙidaya mutum 259 da suka mutu wajen ɗaukar kansu hoto a duniya daga 2011 zuwa 2017, kuma abubuwan hawa, har da jirgin ƙasa, suna cikin manyan dalilan.

Abin farin ciki shi ne wurin da ya fi aminci shi ne kuma ya fi ba da hoto mai kyau. Masu wannan sha'awa sun fi son a tsaya daga gefe a karkace, yadda gaban kan jirgin da gefensa za su fito tare, taragai kuma su miƙe a bayansa suna ƙanƙancewa. Wanda ya matsa kusa da yawa ba zai samu wannan tsayin ba. Idan akwai kwana, a tsaya ta wajen kwanar, domin a nan ake ganin jirgin gaba ɗaya yana lanƙwasa. Tudu ko gadar masu tafiya a ƙasa ma suna taimakawa, saboda daga sama ake ganin abin da taragai suka ɗauko.

Haske

A bar rana a bayan mai ɗauka, tana haska gefen jirgin da ke fuskantarsa. Da safe ke nan a tsaya ta gabas da layi, da yamma a koma ta yamma. Hasken hantsi da na bayan la'asar ya fi kyau, domin yana shigowa ta gefe yana fito da ƙafafun jirgi da lambobinsa. Da tsakar rana inuwa kan rufe duk ƙasan jirgin. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo yana dusashe abin da ke nesa, don haka sai a jira jirgin ya cika fuskar waya kafin a danna. Ƙura kuma tana kwanciya a idon kyamara, musamman wayar da ta yini a aljihu. A goge shi da tattausan ƙyalle kafin a fara.

Saitin waya

Abin da ke sa hoton abu mai motsi ya yi dishi-dishi shi ne tsawon lokacin da idon kyamara ya yi a buɗe, wato saurin ƙiftawarta. Ga lissafi mai sauƙi. Jirgin da ke gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a kowace daƙiƙa. Idan kyamara ta ƙifta a 1/50 na daƙiƙa, jirgin ya matsa santimita 20 kafin ta rufe, shi ya sa rubutun jikinsa ke cakuɗewa. A 1/500 santimita 2 kacal zai matsa, a 1/1000 kuma santimita 1.

1. A buɗe kyamara a nemi sashen Pro. A wasu wayoyin yana cikin jerin ƙarin zaɓuɓɓuka.
2. A taɓa harafin S, a sa shi a 1/500 don jirgin kaya mai tafiya a hankali, ko 1/1000 don mai sauri.
3. A bar ISO a 50 ko 100 idan akwai rana. Idan hoton ya yi duhu a ɗaga shi zuwa 200 ko 400. Ɗaga shi fiye da haka yana kawo ɗige-ɗige a ƙananan wayoyi.
4. A kunna layukan raga daga saitin kyamara, a daidaita layin ƙasa da su don kada hoton ya karkace. A bar fili a gaban kan jirgin, ta inda ya nufa.
5. Tun kafin jirgi ya iso a zaɓi wurin da ake so a kama shi, misali daidai wani turke, a danna wurin a fuskar waya a riƙe har fokas ya kulle.
6. A yi amfani da ɗaukar jere. A wasu wayoyin ana danne maɓallin ɗauka ne, a wasu kuma ana jansa ƙasa ko gefe. Daga baya sai a zaɓi mafi kyau a goge sauran.

Wayar da ba ta da sashen Pro ma tana iya yi, in dai akwai haske sosai, domin ita da kanta take ƙara saurin ƙiftawa idan rana ta fito.

Abubuwa uku za a kashe. Na farko fitilar kyamara, wadda ba ta kaiwa ko'ina kuma tana iya ɗauke hankalin direba. Na biyu yanayin dare, domin yana haɗa hotuna da yawa ne cikin 'yan daƙiƙoƙi, abu mai motsi kuwa sai ya fito kamar inuwa. Na uku zum ɗin da ake yi da yatsu biyu, wanda yanke hoton kawai yake yi ya kumbura shi. Idan wayar tana da kyamarar nesa ta daban, mai alamar 2x ko 3x, a yi amfani da ita. Idan babu, a ɗauka yadda yake, a yanke daga baya.

Wanda ya ƙware yana iya gwada bin jirgi da waya. A rage ƙiftawa zuwa 1/30 ko 1/60, a manne gwiwoyin hannu a jiki, a riƙa juyawa daga ƙugu daidai da gudun jirgin yayin da ake dannawa. Idan an dace, jirgin zai fito tas, bayansa kuma ya ja kamar ruwa. Wannan ya fi sauƙi da sassafe ko dab da magariba, saboda da tsakar rana haske zai yi yawa. Don bidiyo, a kwantar da wayar, a sa ta a 60fps idan tana da shi, a bar jirgin ya shigo ya wuce ba tare da an yi ta lilo da hannu ba.

Abin da za a nema a jikin jirgi

Kowane kan jirgi yana da lambarsa, ita ce sunansa. A Ingila tun 1942 wani matashi mai suna Ian Allan ya fara buga ƙananan littattafai na lambobin jirage, yara suka riƙa zuwa tasha suna yin alama a kan wanda suka gani. A Najeriya ma lamba tana ba da labari. A cikin kawunan da ke aiki a tsohon layi akwai waɗanda aka sayo daga Sin a shekarun 1990, akwai kuma guda 25 na kamfanin General Electric da suka iso a 2010. Bayan hoton gaba ɗaya, a ɗauki lambar, da farantin maƙera idan ana ganinsa daga inda aka tsaya, da irin taragan: na kwantena, na rufe, na buɗe ko na tanki. A sa wani abu na wurin a cikin hoton, kamar allon sunan tasha, bishiyar kuka ko buhunan da ake saukewa, domin wanda ya gani ya san a ina aka ɗauka.

Ajiya da rabawa

Waya tana rubuta rana da lokaci a cikin kowane hoto, amma turawa ta WhatsApp yadda aka saba tana matse shi ta kuma share wannan bayani. Idan ana so ya isa da ingancinsa, a tura shi a matsayin fayil. A ajiye asalin a Google Photos ko a kati, a rubuta wuri, kwanan wata da lambar jirgi. Kada a wallafa lokacin tashin jirgi ko inda yake a daidai lokacin da yake kan hanya, a bari sai daga baya. Hoton da ya yi kyau ana iya ɗora shi a Wikimedia Commons, inda masu rubuta Wikipedia ta Hausa za su same shi.

Kafin a kashe kuɗin mota zuwa Zariya, a gwada hannu a gida. A tsaya can gefen titi ranar kasuwa, a ɗauki motocin hatsi da ke wucewa a 1/100, sannan a 1/500, sannan a 1/1000, a kwatanta su. Wanda ya yi haka sau uku ko huɗu zai iya saita wayarsa cikin daƙiƙa goma ranar da ya ji kukan jirgi.

Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, yau da hotuna kaɗai ake nuna wa yara ita. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a 2023, an buɗe ta Funtuwa a 2024, sabon layi kuma yana tahowa ta arewacin Katsina. Tsofaffin tashoshi da taragai ba za su dawwama yadda suke ba. Hoton da matashi ya ɗauka bana da izini, daga nesa, ya rubuta wuri da rana a jikinsa, shi ne wanda za a nema nan da shekara 30.