Sa'ad da Tsoho Ya Kama Hanya

Darasinmu ya shafi gidajen kula da tsofaffi, irin waɗanda Ƙananan Sistocin Matalauta suke riƙewa tun 1839, shekarar da Jeanne Jugan ta ɗauko wata tsohuwa makauniya a Faransa ta kwantar da ita a kan gadonta. Babban abin tsoro a irin waɗannan gidaje shi ne tsoho ya fice ba wanda ya sani.

Sau da yawa ciwon mantuwa ne sanadi. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ƙiyasta cewa shida cikin goma na masu ciwon za su ɓata aƙalla sau ɗaya. Abin yakan tsananta daga la'asar zuwa almuru. Tsohuwa ta miƙe, wai za ta ɗora wa yara tuwo, alhali yaran nan sun yi jikoki. Wannan ba taurin kai ba ne, ba kuma maita ba ce, ko da yake mun sha jin ana ɗora wa irinsu wannan mugun suna. Ƙwaƙwalwa ce ta mayar da ita shekarun baya.

Waɗansu masu jinya sukan ɗaure tsoho a gado, su ce don lafiyarsa ne. Ba mu yarda da haka ba. Ɗauri yana kashe ƙarfin ƙafafu, yana kawo gyambon kwanciya, har ya taɓa shaƙe waɗansu. Doka ta huɗu ba ta ƙare aiki don hankalin uba ya raunana. Gara a kewaye tsakar gida domin ya yi yawonsa a sake, a rataya ƙararrawa a ƙofa, a ɗinka suna da lambar waya a rigarsa, a ajiye hotonsa na kwanan nan. In tsohuwa ta nace za ta fita, kada a yi gardama da ita. A raka ta, a yi hira, a dawo tare. In kuwa ta ɓace, a fara nema nan take, a duba rijiya da kwalbati da bakin titi, a sanar da 'yan sanda.

Sai kuma faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 kowace shekara, waɗanda suka haura sittin ne suka fi yawa. A bar fitila a hanyar bayan gida, a kafa abin dafawa a makewayi, a goge ruwan da ya zube, a kulle magunguna.

Mu dai yawancin tsofaffinmu suna cikin gidajenmu, don haka aikin namu ne. A rufe bakin rijiya. Kada a zuba kananzir a kwalbar lemo. Da hunturu kuma, kada a bar kaskon gawayi a ɗakin tsoho a ja ƙofa.