Yadda Ƙasar Noma Ke Samuwa Da Sirrin Albarkar Filayen Ciyawa

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a shekarar 2022 ya haddasa tashin farashin alkama a kasuwannin duniya, har masu gidajen burodi a Nijeriya suka ji a jikinsu. Abin da ya bai wa ƙasashen biyu wannan ƙarfi a cinikin hatsi shi ne wata baƙar ƙasa da ke shimfiɗe a filayensu, wadda zurfinta kan kai mita 1 ko fiye.

Asalin kowace ƙasar noma dai dutse ne. Zafin rana da sanyin dare su kan tsattsaga shi, ruwan sama ya narkar da wasu sinadaransa, har ya koma tsakuwa da yashi da yumɓu. Garin dutse kaɗai ba ya riƙe shuka sosai, sai ya gauraya da ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi. Aikin na da matuƙar jinkiri, domin kaurin santimita 1 kan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya taru.

Wani masani ɗan Rasha, Vasily Dokuchaev, shi ne ya bayyana a littafinsa na 1883 cewa wannan baƙar ƙasa ciyawa ce ta gina ta. Ita ciyawa, saɓanin bishiyar kurmi da ke zubar da ganye a sama, mafi yawan jikinta a ƙarƙashin ƙasa yake. Kowace shekara wani kaso na siraran saiwoyinta kan mutu ya ruɓe a inda yake, tana da sauran ƙananan halittu su juya shi. Sanyin hunturu mai ƙanƙara kan dakatar da ruɓewar na tsawon watanni, don haka abin da ake ajiyewa ya fi wanda ake ci. Bugu da ƙari, ruwan sama a can bai kai yawan da zai wanke sinadarin alli daga ƙasar ba. Haka aka yi ta tarawa shekaru dubbai. Irin wannan ƙasa ce kuma ke tsakiyar Amurka da filayen Ajantina.

Arewacin Nijeriya ma yankin ciyawa ne, amma lissafin ya sha bamban. Zafi kan hanzarta ruɓewa da zarar damina ta sauka, gara ta cinye abin da ya saura, ƙunar daji ta ƙarasa. Kara kuwa kwashe shi ake yi domin shinge da girki da abincin dabbobi. Saboda haka a gonakin jigawa da dama ruɓaɓɓen abin da ke cikin ƙasa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali a baƙar ƙasar Yukiren ya kan ninka haka sau da yawa. Ƙurar hunturu da iska ke ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana ɗan ƙara sinadarai, fadama kuma na samun laka daga ambaliya, amma ba su cike giɓin.

Wannan ya shafi duk mai niyyar zuba jari a noma kai tsaye. Takin zamani yana ciyar da shukar bana ne; ƙasar da ba ta da ruɓaɓɓen abu ba ta riƙe shi, ba ta riƙe ruwa, wani ɓangare na kuɗin buhun sai ya bi ruwan sama. Manoman kewayen Kano sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke jigilar takin dabbobi da tokar gari zuwa gonakinsu a kan jakuna, suna kuma barin gawo a tsakiyar gona, wanda ke zubar da ganyensa da damina.

Ko baƙar ƙasar ma tana ƙarewa. A shekarun 1930, bayan an kafce ciyawar filayen tsakiyar Amurka domin noman alkama, fari ya zo, iska ta kwashe saman ƙasar, dubban iyalai suka bar gonakinsu. A 1935 ne gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar kare ƙasar noma daga zaizaya.