Darajar Nama da Farashinsa: Bayani ga Hakimai da Malamansu a Ƙasar Karaye da Rogo

Idan aka nemi malamin Hakimi ya rubuto farashin naman shanu a gundumarsa, ya rubuta cewa kilo kaza ne a Karaye, kaza ne a Rogo, to, bai gama aikin ba tukuna. Wanda ya karɓi takardar ba shi da hanyar sanin ko naman matashin sa ne da aka turke, ko kuwa na guzuma ce wadda ta gaji da haihuwa. Ba zai san ko tsoka ce zalla ba, ko an haɗa da ƙashi da jijiya. Alhali kuwa a cikin waɗannan abubuwa ne tsada da araha suke. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake rarrabe nama daraja-daraja, da abin da ya sa ba a gane farashi sai an san darajar abin da aka saya.

Dattawan wannan yanki ba baƙin al'amarin ba ne. A zamanin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, manomi yakan kai audugarsa kasuwar auduga, malami ya duba, ya ce lamba ɗaya ce, ko ta biyu, ko ta uku, ko wace lamba kuwa da kuɗinta. Saboda haka manomi ya riƙa tsince datti tun daga gona, don ya san za a biya shi wahalarsa. An rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. Nama kuwa har yanzu ba a buga masa hatimin daraja a kasuwannin ƙauye. Mai ƙiba da ramamme duk a kan tebur guda suke, kuɗinsu guda.

Duba lafiya dabam, duba daraja dabam

Wajibi ne a fara raba abu biyu waɗanda mutane ke yawan haɗawa. Malamin dabbobi da ke zuwa mayanka lafiyar nama yake dubawa: ya tsaga hanta ya ga ko da tsutsa, ya duba huhu ko da alamar tarin fuka, ya hana abin da zai cuci mutane. Wannan tilas ne, ba a yin ciniki a kansa. Aikin yana da nauyi musamman a ƙasar Karaye, domin tun da aka gama madatsar ruwan Challawa a 1992 shanu suna kiwo a bakin ruwa rani da damina, tsutsar hanta kuwa a jikin ƙananan katantanwa na fadama take girma kafin ta shiga dabba. Daraja kuma wani abu ne: ita ce ke nuna taushin nama da daɗinsa da yawan tsokarsa. Nama yana iya zama lafiyayye sarai amma darajarsa ta ƙasa ce. Wanda ba shi da lafiya kuwa ba shi da daraja ko ɗaya, rami ne makomarsa.

Yadda Amurka ta yi

A Amurka an wajabta duba lafiyar nama da dokar 1906. Rarrabe daraja sai a 1927 ma'aikatar gona ta ƙasar ta soma shi, kuma ba dole ba ne, mai mayanka ne ke nema ya kuma biya kuɗin aikin. Bayan an feɗe sa an sanyaya shi, sai a yanka gadon bayansa tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13, ma'aikaci ya dubi fuskar tsokar. Abu biyu yake nema: shekarun dabbar, da kuma ɗigo-ɗigon kitsen da ya ratsa cikin tsokar kanta, ba wanda ya lulluɓe ta daga waje ba. Wannan kitse na ciki shi ne ke narkewa a kan wuta ya sa nama laushi.

Darajojinsu takwas ne, amma uku na sama su ne mai saye ya sani, watau Prime da Choice da Select. Ta ukun a dā sunanta Good, sai a 1987 aka canja mata suna. Na ƙasa yawanci niƙa su ake yi, ko a zuba a gwangwani. Tun 1965 kuma suna da wani awo na biyu, daga 1 zuwa 5, mai nuna yawan tsokar da za a samu a jikin dabba bayan an cire kitsen waje da ƙashi.

A ƙasar akwai manyan kantuna masu rangwame, irin su Walmart da Aldi, waɗanda talakawa ke zuwa neman sauƙi. Naman da aka fi gasa a kansa shi ne faffaɗan yankan tsoka da suke gasawa, wanda suke kira sitek. Arahar waɗannan kantuna tana da asali iri biyu, ya kamata a lura da bambancinsu. Wata arahar ta gaskiya ce: suna sayen kaya da yawa a lokaci guda, naman yana zuwa musu a yanke a ƙunshe daga masana'anta, ba su biyan mahauci a kanti. Wata kuwa daga naman take: daraja ta ƙasa ce, ko ba a auna darajar ba sam, ko an sossoke shi da allurai don ya yi taushi, ko an ɗura masa ruwan gishiri ya ƙara nauyi. Abin da ke kare mai saye shi ne doka ta ce a rubuta irin wannan a jikin ƙunshin. Tun 2016 naman da aka sossoke ma sai an faɗa. A ƙarshen 2011, da Walmart ta shiga sayar da Choice a kantunanta, inda a dā Select ta fi sayarwa, sai tazarar kuɗi tsakanin darajojin biyu ta buɗe a kasuwar sari, masu turka suka ga amfanin ƙara wa shanunsu abinci.

Kada a ɗauka daraja tana hana tsada. Fari ya rage garken Amurka har ya koma miliyan 86.7 a farkon 2025, ba a ga ƙarancin da ya kai haka ba tun 1951, a tsakiyar shekarar kuma laba ɗaya ta niƙaƙƙen nama ta haura dala 6. Amfanin daraja shi ne mai saye ya san abin da ya biya, mai kiwo kuma ya sami ladan kiwonsa.

Abin da ya dace da ƙasar nan

Kwaikwayon Amurka baki ɗaya kuskure ne. Shanunsu irin su Angus, idan an ɗura musu masara, suna tara kitse a cikin tsoka. Bunaji da Rahaji da Bokoloji kuwa a tozo da ciki da ƙarƙashin fata suka fi tara nasu. Da za a auna su da awon Amurka, da kusan duka sun faɗo ƙasa, ba don wani aibu nasu ba. Ban da haka girkin ma ba ɗaya ba ne. Mai kilishi tsokar cinya yake nema wadda ba kitse, don kitse yana ɓata masa kaya. Mai tsire da mai balangu suna son taushi da ɗan maiƙo. Uwargida mai miyar kuka ba ta ƙi naman tsohuwar saniya ba, don ya fi ba da romo idan ya daɗe a wuta. Naman guzuma ba abin kunya ba ne. Abin da ba shi da kyau shi ne a sayar da shi da sunan naman ɗan sa.

Tsarin Afirka ta Kudu ya fi kusa da abin da mahautan Karaye da Rogo suka riga suka sani, domin da haƙori ake yinsa. Saniya tana da haƙoran gaba guda takwas a ƙasa, ba ta da su a sama. Na nono suna faɗuwa bibbiyu, manya su maye gurbinsu. A can dabbar da ba ta fid da babban haƙori ko ɗaya ba ita ce A, ana shafa wa namanta tawada shunayya. Mai ɗaya ko biyu AB ce, tawadarta koriya. Mai uku zuwa shida B ce, ruwan ƙasa. Wadda ta wuce shida C ce, ja. Sa'an nan a ƙara lambar kitse daga 0 zuwa 6. Mai saye ko bai iya karatu ba, launi ya ishe shi.

A shanun ƙasar nan manyan haƙora biyu na fari sukan fito bayan shekara biyu da 'yan watanni, huɗu wajen shekara uku, baki kuma ya cika tsakanin huɗu da rabi zuwa biyar, gwargwadon irin dabbar da abincinta. Babu dillali a kara da bai iya buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa ba. Abin mamaki, wannan sani yana aiki a Wudil ran Juma'a da Maigatari ran Alhamis lokacin da ake cinikin dabba da ranta, amma da zarar an kai ta mayanka an sa wuƙa sai sanin ya ɓace, ba ya isa wurin mai sayen kashi.

Wanda wannan ɓatan ya fi cuta shi ne manomi mai turka. A ƙauyukan Rogo da Karaye mutum yakan sayi shanun huɗa, ya yi noma da su 'yan shekaru, kāna ya ɗaure su a turke wata uku ko huɗu yana ba su harawa da dusa da angurya da kanwa. Sa mai ƙiba idan an feɗe shi namansa da ƙashi sukan kai rabin nauyinsa ko su ɗara. Ramamme ba ya kaiwa, ƙashinsa kuwa bai ragu ba don ya rame. Idan mahaucin gari ya san kuɗi guda zai sayar da ko wanne, ramammen zai saya, mai ƙiban kuma a loda shi a mota zuwa Legas. Da haka mutanen gunduma ke kiwon nama mai kyau su ci maras kyau.

Araha ba ta ado

Ga misali na lissafi, adadin ba farashin wata kasuwa ba ne. A ce mahauci na fari yana sayar da kilo Naira 6,000, amma a cikin ko wane kilo akwai giram 300 na ƙashi da jijiya da tantani. Na biyu yana sayar da tsoka zalla Naira 7,500. Wanda ya saya wurin na fari tsokar giram 700 ya samu, watau kilon tsoka ya kama masa kusan Naira 8,570. Ya yi murna ya sami sauƙin Naira 1,500, alhali ya yi hasarar fiye da Naira 1,000. Wannan ma inda ake sikeli ke nan. Inda ake kasa nama kashi-kashi, ba a ƙara kuɗi, sai dai kashin ya riƙa ƙanƙancewa ana ɓoye huhu da tumbi a ƙarƙashin tsoka. Littafin Risala, wanda almajiran ƙasar nan ke karantawa, ya hana ɓoye aibin kaya da cakuɗa maras kyau da mai kyau a ciniki, saboda haka Hakimin da ya yi magana a kan wannan bai kawo sabon abu ba.

Akwai kuma arahar da ta fi wannan haɗari. Saniya ta kwanta ciwo a ruga, an yi mata allura ba ta tashi ba, sai a yanka ta da dare a shigo da naman da asuba a rabin kuɗi. Sauran maganin yana jikin naman, cutar ma wataƙila tana nan. A watan Yuli na 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona kusa da Suleja ta Jihar Neja, ciwon da ke kama mai fiɗa da mai ci. Duk naman da farashinsa ya faɗi ƙasa da na kasuwa ba dalili, lalle mai unguwa ya tambayi inda aka yanka shi da wanda ya duba shi.

Aikin Hakimi da malaminsa

Tun dokar watan Yuli ta 2024 ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su ne ƙasar Masarautar Karaye, don haka ba wuya gundumominsu su bi tsari guda. Ba a bukatar sabuwar doka. Mayanka da kasuwa na ƙaramar hukuma ne, duba lafiya na malamin dabbobi ne, Hakimi ba zai karɓe musu aiki ba. Nasa shi ne ya kira Sarkin Fawa da manyan mahauta, a yi shawara cikin mutunci, domin su ma suna da kukansu, ga tsadar shanu, ga kuɗin mota, ga bashin da ba a biya. Abin da za a nema gare su kaɗan ne: a bar kan dabba kusa da namanta har a sayar, don mai son duba haƙori ya duba, a raba tsoka zalla da nama mai ƙashi da kayan ciki, ko wanne da kuɗinsa, a daina yanka saniya mai ciki. Ba a ce a yanka musu farashi ba. Farashin da aka yanka da ƙarfi kashi yake ragewa kawai.

Malamin Hakimi kuma ya buɗe shafi a littafinsa. Ko wace ranar kasuwa ya rubuta shanu nawa aka yanka, maza nawa mata nawa, manyan haƙoran ko wace, da halin jikinta, mai ƙiba ce ko matsakaiciya ko ramammiya. Ya rubuta kuɗin kilon tsoka dabam, na mai ƙashi dabam. Inda kashi ake yi, ya sayi kashi ɗaya ya auna shi. Ya kuma nuna watan da aka yi awon, don naman bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, ba ɗaya yake da na kaka ba, farashin gab da Salla kuma ba a gwama shi da na sauran watanni.

Sikelin da zai yi aiki da shi ma sai ya gwada shi tukuna. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ya auna gorar ba kome a ciki, ya zuba ruwa lita ɗaya ya sake aunawa. Idan ƙarin bai zo kilo ɗaya daidai ba, ya nemi wani sikelin, ya kuma sanar da Sarkin Kasuwa.