Awon Haƙori Don Sanya Hula: Ƙwaɓi Ko Na'ura?

Ingancin hular haƙori, wadda Bahaushe ya fi sani da haƙorin Makka, ya dogara ne ga giɓin da ke tsakanin bakinta da haƙori. A 1971, McLean da von Fraunhofer suka ƙayyade shi da maikiron 120. Idan ya yi faɗi, siminti kan narke, haƙori ya ruɓe. A tsohuwar hanya, akan danna ƙwaɓin silikon a baki, a zuba filasta cikin gurbin. Ƙwaɓi kan tsuke, filasta ta kumbura, awo ya goce. Na'urar ɗaukar hoto, irin CEREC da aka fara amfani da ita a Zurich a 1985, ta tsallake waɗannan matakai. Sai dai ba ta ganin gefen da jini, yawu ko dasashi ya rufe.