Ɗigo, Layi da Shimfiɗa: Koyar da Tushen Jometiri da Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa malamin firamare kan san abin da zai koyar a darasin lissafi, amma ya rasa kalmar da zai isar da shi ga ɗalibi. Wannan darasi zai duba kalmomi uku da jometiri, wato ilimin awon siffofi, ya ginu a kansu, da yadda malami zai bayyana su da abubuwan da yaron birnin Zariya ya saba gani.

2.0 Ma'anar Kalmomin

Uklidas, masanin da ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya soma littafinsa na jometiri da bayanin ɗigo da layi. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9.

(a) Ɗigo: matsayi ne kawai, ba shi da tsawo, ba shi da faɗi. Ɗigon alli a allo alamarsa ce kurum.

(b) Layi: a nan ana nufin miƙaƙƙen layi mai tsawo, marar faɗi, wanda ba ya ƙarewa ta kowane ɓangare. Lallai malami ya bambanta shi da layin awo a kasuwa ko layin unguwa, domin kalmar tana ɗauke da waɗannan ma'anoni a maganar yau da kullum.

(c) Shimfiɗa: fuska ce bai ɗaya mai tsawo da faɗi, marar kauri, kamar fuskar daɓen ɗaki da aka daidaita.

3.0 Ɗigo Biyu, Layi Ɗaya

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846), shaida ne cewa maginan Hausa sun daɗe da sanin awo. Magini idan zai fitar da harsashi yakan kafa turke, ya ɗaura igiya. Muddin turken ɗaya ne, igiyar za ta iya fuskantar kowace kusurwa. Da zarar ya kafa na biyu ya ja ta ta miƙe, hanyarta ta zama ɗaya tak. Ƙa'idar farko ke nan: layuka marasa iyaka na iya ratsa ɗigo ɗaya, amma layi ɗaya ne kawai ke ratsa ɗigo biyu. Haka kuma, hanyoyi da lunguna da dama ke kai mutum daga Ƙofar Doka zuwa ƙofar fada, amma miƙaƙƙen layin da ke tsakaninsu guda ne.

4.0 Ɗigo Uku, Shimfiɗa Ɗaya

A dubi ƙyauren zaure. An kafe shi a wuri biyu, sama da ƙasa, duk da haka yana buɗuwa yana rufuwa, kuma duk inda ya tsaya sabuwar shimfiɗa ce. Ana zura sakata, sai ya tsaya cik. Sakatar ita ce ɗigo na uku.

Duwatsun murhu ma haka suke. A ɗora tire a kan dutse uku, zai zauna daram, ko da tsayinsu bai zo ɗaya ba. Amma teburi mai ƙafa huɗu yakan yi rawa, domin ƙafa uku sun riga sun tsayar da shimfiɗar, ta huɗu ba lallai ta faɗo cikinta ba. Akwai sharaɗi: kada ɗigon uku su jeru a layi ɗaya. Idan aka jera duwatsun a sahu, tiren zai karkace. Malamin da ya manta da wannan sharaɗi ya koyar da rabin ƙa'ida.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ɗigo biyu ke tsayar da layi, ɗigo uku da ba su jeru ba ke tsayar da shimfiɗa. Kamata ya yi malami ya fara da igiya da duwatsu, yara su gwada da hannunsu, sannan ya ba su kalmar, ya kuma tsaya a kanta har ƙarshen zango.

6.0 Auna Fahimta

1. Kawo ma'anoni uku na kalmar "layi", ka nuna wadda ta shafi jometiri.
2. Me ya sa ƙyaure ke motsi kafin a zura sakata?
3. Tsara darasin minti 35 a kan ɗigo da layi ga 'yan aji huɗu.