Canza Koci Bayan Shekara 30: Shawara ga Tsohon Hannu a Wasan Tanis

A ƙwallon ƙafa, shugabannin kulob ne ke ɗauko koci, su ne kuma ke korarsa, ɗan wasa nasa bin umarni. A tanis ba haka abin yake ba. Ɗan wasa ne ke ɗaukar koci, shi ke biyansa, shi ke yankar masa tikitin jirgi da kama masa masauki, ranar da ya ga dama kuma ya sallame shi. Shi ya sa da zarar mutum ya haura 30, nasara ta fara ja da baya, kan koci ake fara sauke haushi. Shi ne mai sauƙin canzawa, tunda ba a canza gwiwa, ba a kuma rage shekaru.

Akwai waɗanda canjin ya ƙara musu shekara biyar a fili, akwai waɗanda ya cinye musu 'yar ragowar da suke da ita. Wannan shawara ta wanda ya daɗe yana riƙe da raket ce, ko mai fita gasar Dala a Kano ne ko mai yawon neman maki a ƙasashen waje, haka nan ta kocin da za a kira ya karɓi aikin. Gundarinta ɗaya ne: sabon koci ba ya dawo maka da ƙuruciya. Abin da zai iya shi ne ya gyara maka abu guda, ya kuma rage wa jikinka wahala.

Fara gano inda matsalar take

Kafin ka taɓa kowa, ka tabbatar ko wasanka ne ya lalace ko jikinka ne ya gaza. A watan Mayun 2017 Novak Djokovic na Sabiya ya rabu da Marian Vajda, kocin da suka haura shekara 10 tare, ya haɗa da mai horar da jikinsa da mai yi masa gashin ƙashi. Ya ɗauko Andre Agassi, gwarzon da ya ci manyan gasa takwas. Amma ciwon yana gwiwar hannunsa ta dama. A Wimbledon ta shekarar ya janye ana tsakiyar wasa, bai sake bugawa ba har shekara ta ƙare, a farkon 2018 kuma aka yi masa aiki. Babu kocin da zai gyara sabis ɗin mutumin da ba ya iya miƙe hannu.

Andy Murray ma haka. Da Ivan Lendl ya ci duk manyan kofunansa uku: na Amurka a 2012, Wimbledon a 2013 da 2016. Bayan an sa masa ƙarfe a ƙugu a 2019, ya sake kiran Lendl karo na uku a 2022. Koci shi ne dai, basirar tana nan, amma har suka rabu a ƙarshen 2023 Murray bai wuce zagaye na uku a babbar gasa ba.

Don haka matakin farko likita ne. Na biyu kuma takarda da biro. Ka sa wani ya zauna a gefen fili a wasanninka uku ko huɗu, ya ja layi ya raba takardar gida uku: makin da ya ƙare cikin bugu huɗu, wanda ya kai biyar zuwa takwas, da wanda ya wuce haka. Kowane maki ya sa alama, ka ci ko an ci ka. Idan kana cin gajerun kana zubar da dogayen, ƙafa da numfashi ne suka ragu, salon wasa za ka sauya. Idan tun a bugu huɗun farko ake cinye ka, sabis ɗinka ko mayar da sabis ne ke da gyara. Idan kuwa turmin farko naka ne kullum, na ƙarshe na abokin hamayya, mai horar da jiki kake bukata, kocinka bai yi laifin komai ba.

Rubuta matsalar a layi ɗaya, ka nemi mai maganinta

Wanda ya ce “ina son in koma yadda nake da” bai faɗi komai ba. Wanda ya ce “ana kashe ni ta bayan hannu” ya ba koci aikin yi.

Shekara da shekaru Rafael Nadal na Sifaniya yana cin Roger Federer na Suwizalan da dabara ɗaya. Nadal bahago ne, bugunsa na gaban hannu yana ɗauke da juyi mai yawa, ƙwallon na dira ta yi tsalle har kafaɗa, daidai ɓangaren bayan hannun Federer, wanda da hannu ɗaya yake bugawa. Bugun hannu ɗaya a tsayin kafaɗa ba shi da ƙarfi, sai Federer ya riƙa yanka ƙwallon yana mayarwa a sanyaye, Nadal ya ƙarasa shi.

A kakar 2016 Federer ya ɗauko Ivan Ljubicic na Kuroshiya. Ljubicic bai taɓa cin babbar gasa ba, iyakarsa na uku a duniya. Amma shi ma da hannu ɗaya yake buga bayan hannu, kuma ya kara da Nadal da Djokovic da kansa, ya san nauyin ƙwallonsu a raket. Gyaran da aka gani a fili shi ne Federer ya daina ja da baya. Sai ya tsaya dab da layin baya, ya tari ƙwallon tana tasowa kafin ta kai kafaɗa, ya buge ta a miƙe.

A wasan ƙarshe na gasar Ostareliya a Janairun 2017, an kai turmi na biyar Nadal yana gaba da 3-1. Nan ne a da Federer kan koma yanka. Ranar bai koma ba. Ya ci gaba da shiga cikin ƙwallon yana sheƙa ta kusurwa, ya ci biyar a jere, ya rufe da 6-3, yana da shekara 35. Sau huɗu suka haɗu a shekarar, sau huɗu Federer ya yi nasara.

Idan kana tantance masu neman aikin, kada sunan mutum ko kofunansa su rufe maka ido. Ka tambayi kanka ko ya san wannan matsalar taka ta musamman. Djokovic ya bi wannan hanyar a 2019 da ya ɗauko Goran Ivanisevic, wanda duniya ta sani da zafin sabis. Mai sabis mai kyau yana samun maki ba tare da gudu ba, kuma a 2023, shekarar da ya cika 36, Djokovic ya ci manyan gasa uku cikin huɗu.

Kada ka sallami kowa da kowa

Wanda ya daɗe tare da kai ya san abin da baƙo zai yi shekara bai gano ba: yadda kake tafiya idan bayanka ya riƙe, ranar da za a matsa maka, da ranar da za a ƙyale ka. Federer ya yi aiki da Stefan Edberg, ya yi da Ljubicic, amma kocinsa Severin Luthi yana nan tare da shi duk tsawon lokacin. Nadal bai ci babbar gasa ko ɗaya ba a 2015 da 2016. Da ya kira Carlos Moya a Disambar 2016, bai ture baffansa Toni ba, wanda ya koya masa wasan tun yana yaro. Sun yi kakar 2017 tare, sannan Toni ya koma gefe cikin mutunci. Moya ya matsa a kan ƙarfafa sabis da gajarta maki, kuma takwas daga manyan kofuna 22 na Nadal bayan zuwansa aka ci su.

Idan rabuwa ta zama dole, a rabu da girma, domin kana iya komowa. Djokovic ya koma wa Vajda a Afrilun 2018, ya faɗo har ƙasa da na 20 a duniya, amma kafin shekarar ta fita ya ci Wimbledon da gasar Amurka, ya koma na ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Zaɓi lokacin da babu gasa a gabanka

Sabon bugu yakan lalace kafin ya gyaru. Hannun da ya yi shekara 20 yana bin hanya ɗaya, idan wasa ya yi zafi tsohuwar hanyarsa zai koma, sai an maimaita sabuwar har ta zauna. Wannan ba ya yiwuwa ana tsakiyar gasa. Shi ya sa manyan 'yan wasa suka fi yin canji a watan Nuwamba da Disamba, lokacin hutun kaka. Federer ya yi wata shida ba ya gasa a 2016 saboda gwiwa, ya dawo da bugun da ya zauna. Tun 2014 kuma ya koma raket mai faɗin kai, daga inci murabba'i 90 zuwa 97, wanda ya fi yafe wa mai bugu idan ƙwallo ba ta sauka a tsakiya ba. Gyaran da aka yaba a 2017 shekara uku aka yi ana gina shi.

Kada kuma ka yanke hukunci a daren da aka ci ka. Maria Sharapova ta ɗauki Jimmy Connors a 2013, wasa ɗaya suka yi tare, aka ci ta a Cincinnati, suka rabu. Wasa ɗaya ba ya nuna komai. Gaskiya ne Serena Williams ta fara aiki da Patrick Mouratoglou jim kaɗan bayan an fitar da ita a zagayen farko na gasar Faransa a 2012, ta kuma ci manyan kofuna 10 tare da shi. Sai dai ita atisaye ta fara zuwa yi a makarantarsa, aikin ya ginu daga nan.

Ku yi magana a fili tun ranar farko

Abu huɗu ya kamata ku daddale kafin a buga ƙwallo ɗaya. Na farko, mako nawa zai kasance tare da kai a shekara, domin tsofaffin gwanaye da yawa ba sa son komawa rayuwar jirgi da otal. Na biyu, kuɗi: albashi ne, ko kaso daga abin da ka ci, kuma wa ke ɗaukar nauyin tafiya. Na uku, idan sabon koci da tsohon suka saɓa, maganar wa za a bi. Na huɗu, wa'adin gwaji. Ka ba shi aƙalla wata shida, ku sa ranar zama. Djokovic da Murray, wanda ya zama kocinsa, sun yi kusan haka: sun fara a Nuwambar 2024, suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Ostareliya, suka rabu a Mayun 2025 ba tare da tashin hankali ba.

Akwai na biyar da ba a rubutawa. Tunda kai ke biyansa, abincinsa yana hannunka, zai yi masa wuya ya ce maka ka yi nauyi ko ka daina gudu. Kai za ka buɗe masa wannan ƙofar da bakinka, ranar da ya faɗa kuma kada ka ɗaure fuska. In ka ɗaure sau ɗaya, daga ranar ka samu mai ɗaukar jaka da tafi.

Ranar zaman, kada ka auna shi da kofi kaɗai. A shekara biyun da Federer ya yi da Edberg bai ci babbar gasa ba. Amma ya tashi daga na shida a ƙarshen 2013 zuwa na biyu a ƙarshen 2014, ya kai wasan ƙarshe na manyan gasa sau uku, ya kuma saba da hawa raga don gama maki da wuri. Ka ɗauko takardar nan mai gida uku ka sake cika ta. Idan gajerun makin da kake ci sun ƙaru, kana kuma tashi washegarin wasa ba ciwo, aikin yana tafiya.

Rage jadawali

Mai shekara 22 yana iya buga mako huɗu a jere ya warware cikin kwana biyu. Kai ba za ka iya ba. Federer ya tsallake duk gasannin filin jar ƙasa a 2017, inda maki ke tsawo ana ta zamiya, ya adana ƙafarsa, ya zo ya ci Wimbledon ba tare da ya rasa turmi ko ɗaya ba. A Fabrairun 2018 ya koma na ɗaya a duniya yana da shekara 36. Ku zauna da kalanda, ku zaɓi gasannin da filinsu ya dace da jikinka, ku soke sauran. Atisaye ma a gajarta shi, a ƙara masa zafi, a bar cikakkiyar ranar hutu a kowane mako.

Ga kocin da aka kira

Wanda ke gabanka ya fi ka sanin jikinsa, wataƙila ma ya fi ka sanin wasan. Makonnin farko ka yawaita kallo da tambaya. Kada ka taɓa riƙon raket ɗinsa ko tushen bugunsa, lokacin wannan ya wuce. Ka taɓa inda yake tsayawa, bugun da yake zaɓa, da inda yake jefa sabis idan maki ya yi tsada. Duk abin da za ka ce ya sauya, ka nuna masa a bidiyo ko a lissafi, domin tsohon hannu ba ya bin umarnin da ba dalili. Ka kuma girmama wanda ka tarar a wurin.

Kai kuma ɗan wasa, ranar da kuka zauna da mai neman aikin, bayan an gaisa ka yi masa tambaya ɗaya: “Malam, me za ka cire daga wasana?” Idan ya kawo maka jerin sababbin abubuwa goma da zai koya maka, ka gode masa, ka bar shi ga matasa. Idan ya ambaci bugu ɗaya da za ka daina, da gasa biyu da za ka tsallake, ya kuma faɗi dalili, ku sa ranar fara atisaye.