AGOGON BABA

Karatu: Luka 12:13-21

Mahaifinmu ɗan kasuwa ne a unguwar New Bell Haoussa, cikin birnin Duwala a Kamaru. Yana da agogon hannu ƙirar Rado DiaStar, wanda aka fara ƙerawa a Suwizalan a 1962, ya yi suna domin jikinsa ba ya ƙarjewa da sauƙi. Tun ina ƙarami nakan kanga kunnena a hannun Baba ina sauraron bugunsa. A watan Janairu na 1994, da aka rage darajar sefa da rabi, kasuwa ta karye masa. Ya sayar da babur da rediyo, amma bai taɓa agogon ba.

Da Baba ya rasu, ni da ƙanena kowa ya ce nasa ne. Na ɗauke shi da ƙarfin girma, na kulle a akwati don tsoron ɓarayi. Shekara bakwai ba ma gaisawa, alhali kowace Lahadi ina wa'azin gafara.

Wata rana na buɗe akwatin, na tarar ya tsaya. Na kai wa wani tsoho mai gyara kusa da Marché Central. Ya girgiza shi, sai ya tashi. Ya ce, "Fasto, lafiyarsa ƙalau. Ba ya aiki da batir. Motsin hannu ne ke ɗaure masa zare. Ka ajiye shi kwana biyu, sai ya mutu." Maganar nan ta soke ni. Abin da ya faru da agogon, shi ne ya faru da zumuncinmu.

Ga darussa uku daga karatunmu.

1. Wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi. Ubangiji bai yi rabon ba, sai ya gargaɗe su game da kwaɗayi (aya 15). Ya ga ciwon yana cikin zuciya. Ni ma na ce ƙaunar Baba ce ta sa na riƙe agogon, amma son kai ya ɓuya a ciki.

2. Mai arzikin nan na misalin ya shirya wa shekaru masu yawa, amma a daren nan aka karɓi ransa (aya 20). Agogo yakan nuna ƙarfe nawa ne, ba ya nuna kwana nawa suka rage. Da ƙanena ya mutu cikin shekarun nan, wa zan roƙa gafara?

3. Ajiye abin tunawa ba zunubi ba ne. Amma idan ya shiga tsakaninka da ɗan'uwanka, Matiyu 5:23-24 ya ce a fara shiryawa kafin a kawo baiko.

Na je gidan ƙanena, na ɗaura masa agogon. Ya ce, "Yaya, ba shi nake nema ba, kai nake nema." Yau yana hannunsa, yana tafiya.

Tambaya: Me ka kulle a akwati wanda ya raba ka da wani? Wane mataki za ka ɗauka a makon nan?

Addu'a: Ya Uba, ka koya mana mu ƙidaya kwanakinmu da hikima. Ka ba mu ƙarfin halin neman sulhu tun da sauran lokaci. Cikin sunan Yesu. Amin.